Esin a-kori-kura ba ya sanyi: abin da za ka duba kafin ka ce a ƙara gas

 Ga rubutaccen shirin namu na yau, domin waɗanda ba su samu sukunin saurare ba su karanta a tsanake.

Yau maganarmu a kan na'urar sanyaya mota ce, wato esi, musamman na motar a-kori-kura. Daga watan Maris zuwa Mayu, idan kana Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ko Damagaram, zafin rana yakan haura digiri 40, kuma a lokacin ne layi ke cika a gaban masu gyaran esi. Kusan kowa da magana ɗaya yake zuwa: "Oga, a ƙara min gas." To ni abin da nake so ka tafi da shi daga wannan shiri shi ne, gas ɗin esi ba kamar fetur ba ne da mota ke shanyewa. A rufe yake, zagaye kawai yake yi. Idan ya ragu, akwai inda yake yoyo. Sau da yawa ma gas ɗin yana nan lafiya lau, matsalar tana wani wuri da za ka iya dubawa da idonka ba ka kashe ko sisi ba. Zan riƙa misali da Toyota Hilux, tunda ita ta fi yawa a hanyoyinmu, amma bayanin ya shafi sauran ire-irenta.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don idan ka gane wannan, ba mai ruɗa ka. Ka san randa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafi, shi ya sa ruwan ciki ke sanyi. To haka esi yake, zafi yake kwashewa daga cikin mota ya fitar waje. Gas ɗin da yawancin motocinmu ke amfani da shi, R134a, yana tafasa ne a kusan digiri 26 ƙasa da sifili idan ba a matse shi ba. Kwamfuresa ce ke matse shi, ya yi zafi sosai, ta tura shi kwandensa, wato wannan abin mai kama da lagireto da ke gaban lagireton. Iska ta bi ta ciki ta huce shi ya zama ruwa. Daga nan ya bi ta diraya mai tsotse laima, ya isa wani ɗan bawul mai ƙanƙanuwar ƙofa, ya fesa cikin ibaforeta da ke ɓoye a ƙarƙashin dashbod. A nan yake tafasa, ya zuƙe zafin iskar da bulowa ke hurowa, kai kuma ka ji sanyi a fuskarka. Sai ya koma kwamfuresa, a sake zagayen.

Kun ga ke nan wuri uku abin zai iya lalacewa: ko iska ba ta wucewa a ciki, ko zafi ba ya fita a gaba, ko kuma gas da kwamfuresa. Yadda motar ke nuna ciwon ne zai gaya maka wanne ne.

Kafin komai, ka auna. Gani ya kori ji. Ka nemi ɗan ma'aunin zafi mai tsinke, irin na kicin, ka soka shi a ƙofar iska ta tsakiya. Ka ajiye motar a inuwa, ka rufe gilasai, ka danna maɓallin da ke sa iska ta riƙa zagayawa a ciki, ka ɗan taka totur zuwa 1,500, ka jira minti 10. Lafiyayyen esi yakan sauko ƙasa da digiri 10. A ranar da gari ya yi tsananin zafi, idan ka ga 10 zuwa 12, ba laifi. Idan ka ga 18 ko 20, akwai magana. Ka rubuta lambar ka ajiye, da ita za ka gane ko gyaran da aka yi maka ya yi amfani.

To, alama ta farko. Ka kai fanka ƙarshe, kana jin ƙara a ƙarƙashin dashbod, amma iskar da ke fitowa kamar numfashin jariri. Wannan ba ruwansa da gas. Ka buɗe akwatin da ke gaban kujerar mai zaman banza, ka sauke shi, a bayansa filtar iska take a yawancin Hilux na 2005 zuwa yau. Ka zaro ta ka gani. Motar da ta sha hunturu guda tana bin hanyar ƙauye, za ka tarar filtar ta koma kamar bulon ƙasa. Canza ta aikin minti 5 ne. Wani lokaci kuma za ka tarar wurin wayam, ba filta sam. To wannan ya fi muni, don duk ƙurar ta wuce ta manne a jikin ibaforeta, wadda kullum a jiƙe take, ta zama laka. Sai an wanke ta, ko da kumfar wanke ibaforeta, ko kuma a sauke dashbod idan abin ya yi yawa. Idan kuma bulowar ba ta aiki sai a lamba ta ƙarshe, wani ɗan abu ne mai rage mata gudu ya ƙone, shi kaɗai za a canza.

Akwai wani nau'in kuma. Ka tashi daga Kano esi yana sanyi kamar firji, kafin ka kai Zariya iskar ta ragu, ta ragu, har ta kusa ɗaukewa. Ka kashe esin ka bar fanka, bayan wasu mintoci iska ta dawo, ruwa yana ta zuba a ƙarƙashin mota. Ƙanƙara ce ta toshe ibaforeta. Akwai ɗan na'urar jin sanyi a jikinta, aikinta ta yanke kwamfuresa idan sanyi ya kusa kai sifili. Idan ta lalace, ko wani ya yi wa kwamfuresar haɗin dairek don wai a samu ƙarin sanyi, haka za ka riƙa fama. A mayar da waya yadda kamfani ya yi ta.

Alama ta biyu ita ce ta fi yawa a a-kori-kura. Kana gudu a babbar hanya akwai sanyi, da ka shiga gosulo ko ka tsaya a shingen bincike sai ɗumi. Wannan yana gaya maka zafi ba ya fita a gaba. Lokacin da kake gudu iskar hanya ce ke huce kwandensa, da ka tsaya kuma sai abin ya koma kan fanka ita kaɗai.

Ga gwaji mai sauƙi. Mota tana silo, esi a kunne, ma'auninka a ƙofar iska. Ka yayyafa wa kwandensa ruwa ta gaba. Idan ka ga lambar ta sauko sosai cikin minti ɗaya ko biyu, ka kama ɓarawonka: gas ɗin na nan, iska ce babu.

Sai ka kashe mota ka haska tocila tsakanin kwandensa da lagireto. A wannan ɗan tsakanin ne ƙaiƙayi da ciyawa da gashin kaji da ledar fiyawota da busasshiyar laka suke taruwa, musamman motar da ke zuwa gona ko ɗaukar amfanin gona. Ta gaba za ka ga kamar fes, ciki kuwa tabarma ce. A wanke da ruwa marar ƙarfi, an fi so daga baya zuwa gaba. Ka ja kunnen yaran wankin mota kada su kusanto da bakin injin feshi, don siraran haƙarƙarin alminiyon nan suna kwanciya, idan suka kwanta iska ba ta ratsawa.

Bayan nan sai fanka. Babbar fankar Hilux ba ta lantarki ba ce, inji ke juya ta, kuma a tsakiyarta akwai wani kwano mai man siliki a ciki. Idan iska mai zafi ta bugi kwanon, man sai ya kama, fanka ta ja iska da ƙarfi, har ka ji tana gurnani. Idan man ya tsiyaye, fanka za ta riƙa juyawa a ido, amma ba ta jan komai. Yadda za ka gane: bayan mota ta yi zafi, ka kashe ta, ka zare makulli, ka tura fankar da hannu. Lafiyayya za ka ji ta da nauyi, ba za ta yi nisa ba ta tsaya. Idan ta yi ta wulwulawa kamar ta wasan yara, ko ka ga maiƙo da ƙura sun yi baƙi a fuskar kwanon, ta gaji. Ana sake zuba mata man, ana kuma canza kwanon gaba ɗaya. Ka duba rumfar roba da ke kewaye da fankar. Wasu in ta fashe sai su cire su jefar, alhali ita ke tilasta wa fanka jan iska ta cikin kwandensa da lagireto. Haka soson da ke toshe gefe da gefe. Sannan ka tsaya gaban motarka ka dube ta da kyau: ƙarfen kariya, manyan fitilu guda biyu ko huɗu, lambar mota, wani har da allon ado. Duk abin da ka ɗora a gaban hancin mota, daga rabon kwandensa ka ɗiba.

Alama ta uku. Da safe esi yana aiki, da rana ta take ko inji ya yi zafi sai ya ɗauke, in mota ta huce ya dawo. Ka buɗe bonet, wani ya kunna esi, kai kuma ka kalli fuskar kwamfuresa daga nesa, ka kiyaye hannunka da rigarka daga bel. Ya kamata ka ji "ƙas", ka ga farantin gaba ya kama yana juyawa tare da fuli. Maganaɗisu ne ke jawo farantin, kuma tazarar da ke tsakaninsu kimanin rabin milimita ce. Da shekaru farantin yana cinyewa, tazarar ta ƙaru, shi kuma maganaɗisu in ya yi zafi ƙarfinsa na raguwa, sai ya kasa jawowa. Mai gyaran da ya san aikinsa zai auna tazarar, ya rage 'yar wasa ɗaya a bayan farantin, shi ke nan. Nawa ne aka sayar musu da kwamfuresa sukutum a kan wannan 'yar wasar? Kafin nan ma a duba fiyus da rile, a duba ko bel ya saki yana santsi. Sai dai wasu sababbin motoci kwamfuresarsu ba ta yin wannan "ƙas" ɗin, kullum a juye take, daga ciki take rage aiki ko ta ƙara. Irin wannan sai da na'ura ake gane ta.

Alama ta huɗu. A cikin bonet akwai fayif biyu da suka shiga ta bangon da ke tsakanin inji da ɗakin direba, ɗaya siriri, ɗaya mai kauri. Ka taɓa mai kaurin. Idan ka ji shi da sanyi ƙarara yana gumi, amma iskar ciki salaf take, to esin yana aikinsa, wani ne ke zuba masa zafi. Idan motarka tana da hita, ruwan inji mai zafi yana ratsa wani ɗan lagireto a ƙarƙashin dashbod, ƙofa ce kawai ta raba shi da iskar sanyi. In wayar da ke jan ƙofar ta saki, ko soson bakinta ya ruɓe, zafi zai riƙa gauraya da sanyi. Haka ƙofar da ke rufe iskar waje: idan ba ta rufuwa, kai kana ta ƙoƙarin sanyaya duk garin ne.

Sai an wuce waɗannan duka sannan a zo kan gas. Kuma tambayar farko ita ce, ta ina ya fita? Gas yana zagayawa tare da man kwamfuresa, don haka duk inda yake yoyo za ka ga maiƙo ya kama ƙura. A duba mahaɗar fayif inda zoben roba yake, a duba bakin da ake ɗura gas, a duba kwandensa ko tsakuwa ta huda ta, a duba wuyan kwamfuresa, a duba tiyo. Idan ba a gani ba, a matsa naitirojin a bi da ruwan sabulu, ko a zuba kalar da ke haske a ƙarƙashin fitila ta musamman. Ka ji ni da kyau a nan: kada ka yarda a gwada maka da iskar oksijin ta masu walda. Oksijin da mai a matse suna fashewa, rai ake magana.

Idan an toshe yoyon, akwai matakai da ba a tsallakewa. A canza diraya in tsarin ya daɗe a buɗe ko babu gas. A sa injin zuƙe iska aƙalla minti 30, a rufe a jira a ga ko allura za ta motsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙadangaren esi shi ne laima: tana daskarewa a bakin bawul ta toshe shi, tana kuma ɓata mai. Sannan a ɗura gas da sikeli. A ƙarƙashin bonet akwai 'yar takarda da kamfani ya manna, an rubuta irin gas ɗin da nauyinsa da giram. A irin waɗannan motoci bai kai kilo ɗaya ba, don haka kuskuren giram 100 ba ƙarami ba ne. Gas in ya yi yawa sanyi raguwa yake, matsi ya hau, kwamfuresa ta wahala, mota ta riƙa nauyi. Wanda ke ɗura gas yana taɓa fayif da hannu yana cewa "saura kaɗan", canki-canka yake yi da kuɗinka.

Ka ɗan san karatun geji ma, ko don kada a yi maka rufa-ido. Idan mota a kashe take, allurai biyun za su tsaya wuri ɗaya, kuma zafin gari suke nunawa fiye da yawan gas. A digiri 40, R134a zai nuna kusan 130 a ma'aunin psi, ko tsarin a cike yake ko saura rabi. Sai an tayar da mota ake gane gaskiya. A yanayi na digiri 30 zuwa 35, inji a 1,500, ɓangaren shuɗi yakan zauna wajen 20 zuwa 35, ja kuma wajen 200 zuwa 230, in gari ya fi haka zafi su ɗan haura. Duka biyun a ƙasa, gas ya yi kaɗan. Duka biyun a sama, ko gas ya yi yawa, ko iska ta shiga, ko kwandensa ba ta hucewa. Shuɗi a sama ja a ƙasa, kwamfuresa ta gaji. Shuɗi ya faɗi har ƙasa da sifili, akwai toshewa a bawul ko diraya.

Sai irin gas ɗin kansa. Motocin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990 da R12 suka zo, wanda aka daina saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan kare sararin samaniya. Daga nan aka koma R134a. Sababbin ƙananan motocin Turai kuma, tun 2017, yawanci R1234yf ne a cikinsu. Ba a gauraya su. Kada a sa maka R22 na esin ɗaki, matsinsa ya fi ƙarfin tsarin mota. Kada a sa maka R600a na firji, wannan ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kama wuta, ga ibaforeta a gaban gwiwarka. Jabu ma yana yawo. A 2011 an samu fashewar kwantenonin sanyi a tashoshin jiragen ruwa na Biyetnam da Barazil har aka rasa rayuka, bincike ya danganta abin da jabun gas mai ɗauke da R40, wanda ke cin alminiyo. Araha ba ta ado. Ka ga tukunyar da idonka, ka karanta abin da aka rubuta a jikinta. Mai ma haka: kwamfuresar Denso mai R134a irin ta Hilux, man PAG take sha, wanda ake rubuta wa ND-Oil 8. Ba a zuba mata baƙin mai.

In har ta tabbata kwamfuresa ce ta mutu, ka sa a juye tsohon manta a farin ƙyalle. Idan ka ga baƙi da ɓurɓushin ƙarfe, to dattin ya bazu ko'ina. Dole a wanke fayif, a canza bawul da diraya, kuma galibi har kwandensa, don hanyoyin cikin na zamani ƙanana ne ƙwarai, ba sa wankuwa. Wanda ya ɗora sabuwa ko ta Kwatano a kan wannan datti, zai sake saye ba da jimawa ba.

To idan komai lafiya, yaya za a ƙara masa ƙarfi? A-kori-kura tana da nata hali. Gilashin baya yana daf da ƙeyarka, ƙasan ɗakin yana kan giyabos da salansa, mai ƙofa huɗu kuma da yawa ba ta da ƙofar iska a baya. Ka rage zafin da ke shigowa tun farko. Ka nemi inuwa, in babu ka sa abin tare rana a gilashin gaba. In ka shiga motar da ta sha rana, ka sauke gilasai ka yi tafiyar minti biyu ko uku zafin ya fice, sannan ka rufe ka danna maɓallin zagaya iska. Ka duba robar bakin ƙofofi da robar gindin giya, nan iska mai zafi ke kutsowa. Ana shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin kafet da cikin rufi, ana naɗe fayif mai kaurin nan da soso inda ya ratsa kusa da inji. Mai yawan zama a gosulo zai iya sa a ƙara masa fankar lantarki a gaban kwandensa, amma da rile da fiyus nata, kuma a tabbatar ciki take tura iska. Na baya kuma, ka karkata ƙofofin tsakiya sama, iskar ta bi rufi ta sauka musu. Batun baƙin gilashi, a Najeriya akwai doka a kansa, sai da izinin 'yan sanda, don haka ka san matsayinka kafin ka manna.

Idan sanyin hunturu ya shigo, kada ka rufe esi wata uku. Ka kunna shi ko minti 10 ne a mako, mai ya zagaya, robobi kada su bushe. Kuma don Allah, kada a kwana a mota inji na aiki a cikin gareji ko wuri rufaffe saboda ana jin daɗin sanyi. Hayaƙin salansa yana da guba marar wari, tana kashe mutum yana barci. Kada kuma a bar yaro a rufaffiyar mota, ko da an ce yanzu za a dawo.

Direban da zafi ya dafa tun daga Gusau, kafin ya kai Funtuwa ya gaji, ga barci, ga saurin fushi, kuma da iyali ko ma'aikata a bayansa. Shi ya sa nake ganin gyaran esi a ƙasarmu bai kamata a ɗauke shi kayan alatu ba. Gobe da safe, kafin ka nufi wajen mai gyara, ka zaro filta, ka haska tsakanin kwandensa da lagireto, ka tura fanka da hannu, ka taɓa fayif mai kauri. In ka je, ka gaya masa abin da ka gani da lambar da ka auna, ka ce a nemo yoyo kafin a buɗe tukunyar gas.

Nan za mu dakata a yau. Wanda ya san direba ko mai a-kori-kura, ya tura masa wannan rubutu. Allah Ya kiyaye hanya, sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.